Canon, Nikon ko Sony: da wace kyamara za ka tsaya a bakin fili?

Ƙwallon da ɗan wasa ya ɗirka da gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan ɗaya. Idan kyamararka na ɗaukar hoto 20 a sakan, tsakanin hoto da mai bi masa ƙwallon ta yi tafiyar kusan mita ɗaya da rabi. Idan 120 take ɗauka, santimita 23 kacal. Da irin wannan lissafi kamfanoni ke tallata hajarsu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai yawan hoto a sakan shi ne abin da ya fi sauƙin rubutawa a jikin kwali, ba shi ne abin da zai fi damunka ba ranar da ka tsuguna a bayan raga, fitilun fili sun kunnu, ɗan wasan da kake bi kuma ya shige tsakanin masu tsaron baya uku.

Ra'ayina shi ne, a matakin ƙololuwa Canon da Nikon da Sony duk sun wuce gwaji. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya mayar da masu ɗaukar hotonsa gaba ɗaya kan Sony a 2020. Hoton nan da ya zaga duniya a wasannin Olamfik na 2024, na ɗan Brazil Gabriel Medina yana tsaye a iska a saman igiyar ruwan Teahupo'o ta Tahiti, da Nikon Z9 Jérôme Brouillet na AFP ya ɗauke shi. Fararen gilasan Canon kuwa sun cika gefen filaye tun shekarun 1990. Saboda haka wanda ya ce maka ɗaya daga cikin ukun nan ba ta iya wasanni, son kai ne ke magana. Inda suka rabu da gaske shi ne gilashin da za ka ɗaura a gaban kyamarar, da kuma abin da kowannensu ke ba wanda aljihunsa bai kai ga babbar kyamara ba.

Gilashi tukuna

Filin ƙwallon ƙafa na manyan gasanni tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Mai ɗaukar hoto ba ya bin 'yan wasa da gudu, wuri ɗaya ake ba shi ya zauna. Shi ya sa kayan aikin da aka saba gani su ne kyamara biyu: ɗaya da gilashin 400mm f/2.8 (lambar mm nisan hangensa ce, ta f kuma faɗin ƙofar haskensa, ƙaramar lamba ta fi shigo da haske) a kan sanda mai ƙafa ɗaya, ɗayar da 70-200mm f/2.8 rataye a kafaɗa don lokacin da wasa ya matso. Duk kamfanonin uku suna da waɗannan biyun, nauyin 400mm ɗin kowannensu bai cika kilo 3 ba, kuma kuɗinsa ya kai kusan ninki biyu na babbar kyamarar da za a ɗaura shi a kai. Ka ga ke nan mai cewa ya zaɓi kyamara, a gaskiya ƙaramin ɓangaren cinikin ya zaɓa.

A nan Nikon ya yi wani abu da sauran biyun ba su yi ba a nasu 400mm f/2.8 ɗin. Ya gina maninki na 1.4, wato ƙaramin gilashin da ke ninka nisan hange, a cikin gilashin, da ɗan maɓalli kusa da yatsa. Ka karkata shi, 400mm f/2.8 ya koma 560mm f/4, ba tare da ka kwance komai ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaura maninki ana yayyafi, wasa kuma ya koma ɗaya ragar, ya san darajar wannan. Haka ya yi wa 600mm f/4 ɗinsa. Amma abin da ya fi jan hankalina a wurin Nikon shi ne matsakaitan gilasansa: 400mm f/4.5 da bai kai kilo ɗaya da kwata ba, 600mm f/6.3 mai kusan kilo ɗaya da rabi, 800mm f/6.3, sai zum ɗin 180-600mm wanda ba ya tsawo idan ka juya shi. Tsakanin gilashin mai koyo da gilashin da sai kamfanin jarida ke iya saya, Nikon ya fi kowa cike gurbi.

Canon ya bi wata hanyar. A 2023 ya fitar da 100-300mm f/2.8, gilashin da a wasannin cikin ɗaki, ƙwallon kwando, dambe, wasan motsa jiki, yake iya maye gurbin kyamara biyu da ɗaya. Ka ƙara masa maninki na 1.4 ya zama 140-420mm f/4, ya isa ƙwallon ƙafa da rana. Tsadarsa dai sai wanda sana'ar ke biyansa. Ƙasa da nan kuma akwai ɗan giɓi. 100-500mm kyakkyawan gilashi ne, mai kaifi, marar nauyi, amma a ƙarshensa f/7.1 ne, kuma maninki ba ya shiga sai ka kai shi 300mm. 200-800mm kuwa yana ƙarewa a f/9. Da rana babu laifi. Da dare akwai magana, kuma lissafinta mai sauƙi ne: f/5.6 na shigo da kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da f/2.8 ke shigo da shi, f/6.3 kashi ɗaya cikin biyar, f/9 kashi ɗaya cikin goma. Inda mai f/2.8 ke aiki da ISO 3200 (ISO shi ne yawan ƙarfafa hasken da kyamara ke yi, yana hawa yashi-yashin hoto na ƙaruwa) a gudun shota 1/1000 na sakan, mai f/6.3 sai ya haura ISO 16000 kafin ya samu gudun shota iri ɗaya. Babu sunan kamfanin da ke gyara wannan.

Abin da ke fansar Canon shi ne tsofaffin gilasansa. Tun 1987 bakin EF ɗinsa, wato mahaɗar gilashi da jikin kyamara, na lantarki ne zalla, babu wani ƙarfen da ke juya fokas daga jikin kyamara. Saboda haka idan ka sa adafta, 300mm f/2.8 ko 400mm f/2.8 ko 70-200mm na shekaru goma sha da suka wuce suna aiki a kan sababbin kyamarori marasa madubi kamar don su aka yi su, wani lokaci ma fokas ɗin ya fi zama daidai fiye da yadda yake a kan DSLR, wato tsofaffin kyamarori masu madubi. Kasuwar gilasan EF na hannu babba ce ƙwarai, tunda shekaru da yawa su ne suka mamaye aikin jarida. Nikon ma yana da adaftar FTZ, kuma gilasan AF-S suna aiki lafiya a kanta, sai dai tsofaffin da fokas ɗinsu ke jiran injin jikin kyamara, su kam sai ka juya da hannu.

Sony ba shi da wannan dogon tarihin, amma yana da abin da Canon ya hana: ƙofarsa a buɗe take ga wasu kamfanoni. Sigma da Tamron suna yi masa gilasai iri-iri, 70-200mm f/2.8 na Sigma, 70-180mm f/2.8 da 35-150mm f/2-2.8 na Tamron, 150-600mm, 500mm f/5.6, har da 300-600mm f/4 da Sigma ya fitar a 2025. Canon a 2024 ne ya ba waɗannan biyun izinin yin gilasan RF, wato na sababbin kyamarorinsa marasa madubi, shi ma na ƙananansu masu ƙaramar sensa ta APS-C (sensa ita ce farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara). Nikon na tsakiya, Tamron na yi masa wasu. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sony yana taƙaita gilasan da ba nasa ba zuwa hoto 15 a sakan, kuma maninkinsa ba ya hawa kansu. Ka sayi kyamarar da ke yin 120 ka ɗaura mata Sigma, ka biya kuɗin gudun da ba za ka taɓa gani ba. A cikin nasa na gida, 200-600mm na 2019 ya daɗe yana zama gilashin farko na masu shiga harkar, sannan 300mm f/2.8 ɗinsa mai giram 1470 ana iya yini da shi a hannu ba sanda.

Saurin karanta sensa, wanda ba a cika rubuta shi a kwali ba

Duk manyan alƙaluman nan na hoto 30 da 40 da 120 a sakan da shotar lantarki ake samunsu, ba da labulen inji ba. Ita kuwa sensa ta gama-gari ba ta ɗaukar hoto lokaci guda. Layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Idan karatun na da nawa, abin da ke gudu ya riga ya gusa kafin ta kai layin ƙasa. Sakamakon shi ne ƙwallo ta fito kamar ƙwai, sandar golf ta lanƙwashe, turakun raga su kwanta gefe idan ka bi mai gudu da kyamara. A ƙarƙashin fitilun LED kuma, musamman allunan tallan da ke zagaye da fili, sai ka ga ratsi-ratsi sun gitta hoton.

Sony ne ya fara maganin wannan a cikakkiyar sensa, wato babba wadda ta fi ta APS-C girma, da a9 ta 2017. Ya yi sensa mai hawa-hawa, wato ya manna ma'ajiya da na'urar sarrafawa a bayanta, karatun ya yi sauri har karkacewar ta kusa ɓacewa, kuma tagar leƙe ta daina yin baƙi tsakanin hoto da hoto. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin bin mai gudu alhali taga na ƙifta maka ido wahala ce. Nikon da ya zo da Z9 a ƙarshen 2021 ya yarda da saurin sensarsa har ya cire shotar inji ɗungurungum, haka ma a Z8 ta 2023. Canon ya shigo da R3 a 2021, sannan R1 da R5 Mark II a 2024. Dukkansu masu hawa-hawa ne, kuma a yawancin wasanni ba za ka iya nuna karkacewa a hotunansu ba.

Sai Sony ya sake yin gaba da a9 III, wadda ya sanar a Nuwamban 2023. Sensarta tana karanta kowane ɗigo a lokaci guda. Babu karkacewa ko kaɗan, babu ratsin fitila a cikin hoto, shota na kai 1/80000, filasha na aiki a kowane gudu, ga hoto 120 a sakan da fokas na bin kowanne. Ga mai ɗaukar golf, tenis ko kurket, inda lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo shi ne hoton, babu kamarta. Amma an biya farashi. ISO ɗinta na ƙasa 250 ne, ba 100 ko 64 ba, kuma hotonta ya ɗan fi na takwarorinta masu megafiksel 24 yashi-yashi a duhu. A gudun 120 kuma ma'ajiyar wucin gadinta na cika bayan hoto 192 na RAW (ɗanyen fayil da ba a riga an sarrafa ba), wato sakan ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Sony ya san haka, shi ya sa ya sa maɓalli a gaba wanda za ka danna ka haura zuwa 120 na ɗan lokaci ka sake ka dawo. Wanda ya bar ta a 120 tsawon wasa, daren nan ba zai yi barci ba yana tace hotuna dubbai da kusan duk iri ɗaya ne.

Ni a ganina 20 zuwa 30 sun ishi ƙwallon ƙafa da guje-guje da tseren mota. Z9 da Z8 suna yin 20 a RAW, 30 a JPEG, 120 a ƙaramin hoto na megafiksel 11. R1 na yin 40, R3 da R5 Mark II 30, a1 da a1 II 30. A takarda Nikon ne a baya. A fili da wuya ka rasa hoto saboda wannan tazarar. Shahararren hoton Usain Bolt yana murmushi yana waiwayen abokan tserensa a wasan kusa da na ƙarshe na mita 100 a Rio 2016, wanda Cameron Spencer na Getty Images ya ɗauka, da Canon 1D X Mark II aka yi shi, mai 14 a sakan, kuma da shota a 1/40 yana bin Bolt da hannu.

Inda Nikon ke baya da gaske shi ne ɗaukar abin da ya faru kafin ka danna. Dabarar ita ce, muddin yatsanka na kan rabin maɓalli, kyamara na ta ajiye hotuna tana zubarwa. Da ka danna gaba ɗaya sai ta riƙe na ɗan lokacin da ya gabata. Olympus ya yaɗa wannan tun 2016 da E-M1 Mark II. R1 na riƙe hoto 20 na baya, R5 Mark II 15, a9 III da a1 II har na sakan ɗaya, kuma duka a RAW. Z9 da Z8 ma suna da shi har sakan ɗaya, amma a JPEG. Mai aika wa jarida hoto kai tsaye dama JPEG yake aikawa, bai damu ba. Mai son ya zauna ya gyara haske da launi daga baya, zai ji ciwon abin.

Fokas

Nan ne gardama ta fi zafi, nan ne kuma ya fi wuya a auna. Ɗan tsere shi kaɗai a layinsa yana tunkaro ka, duk kyamarorin nan za su kama shi kusan kowane hoto. Jarrabawar ita ce cunkoso: bugun kusurwa, mutum goma sun yi tsalle, riguna iri biyu kacal, alƙalin wasa ya gitta ta gabanka.

Canon ya fi kowa tunanin wannan yanayi. R1 da R5 Mark II suna da wani tsari da aka horar da shi kan ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da ƙwallon raga, wanda ke lura da inda ƙwallo take da irin motsin da ɗan wasa ke yi, ya mayar da fokas kan mai bugu ko mai karɓa. Kana iya yi wa kyamarar rajistar fuskar wani ɗan wasa ta fifita shi a kan saura, abin da ke da amfani idan kulob ko iyaye ne suka ɗauke ka aiki don mutum ɗaya. Akwai kuma saita fokas da ƙwayar ido, ka kalli mutum a taga fokas ya koma kansa, dabarar da Canon ya fara a EOS 5 ta 1992 ya dawo da ita a R3. Wannan kam sai ka gwada da idonka, domin wasu tana yi musu kamar sihiri, wasu kuma, musamman masu tabarau, ba ta jituwa da su. R1 ta ƙara da fokas mai gane layukan tsaye da na kwance, abin da ke taimakawa idan kana ɗauka ta cikin raga.

Na Sony shi ne mafi naci. Ka ɗora shi kan mutum, ya manne. Tun a7R V ta 2022 yake sa wata na'ura ta musamman da ke gane fasalin jikin ɗan Adam, kai da kafaɗa da gwiwa, ta yadda ko ɗan wasa ya juya baya ko ya sa hular kwano ba ta sake shi. a9 III da a1 II duk suna da ita. A1 ta farko ba ta da ita, duk da haka fokas ɗinta har yanzu abin dogaro ne.

Nikon yana buƙatar ka ɗan san shi. Idan ka bar masa dukkan fage ya zaɓa da kansa a cikin cunkoso, ya fi sauran biyun saurin tsallakawa kan wani. Masu aiki da shi sukan zana akwatin fokas daidai girman da suke so, su sa wani tsarin bin sawu a wani maɓallin, su riƙa sauyawa da yatsa. Da ka saba, ba ka da abin kuka. Kuma Nikon ya yi abin yabo wajen sabunta manhajar Z9 kyauta. Wadda ta fito a 2021 da wadda ke hannun mutane bayan shekara biyu kamar ba kyamara ɗaya ba. A cikin abin da ya ƙara har da ɗauka da kanta: ka kafa ta a bayan raga, ka gaya mata irin motsi da nisan da take jira, ta ɗauka ba kowa a wurin.

Megafiksel 24 ko 45

R1 da R3 da a9 III duk wajen 24 suke. Z9 da Z8 45.7, R5 Mark II 45, a1 50. Dalilin 24 ɗin shi ne mai aikin jarida: ƙaramin fayil ya fi saurin isa ga edita, kuma shi yana da 400mm da 600mm da ke cika masa hoto. Kai da ba ka da su, yanka za ka yi. Ka yanke hoton Z8 zuwa girman APS-C, saura megafiksel 19 da ɗoriya, ya isa bangon mujalla. Ka yi wa R1 irin wannan yankan, saura 9. Wato ga mai gilashi ɗaya, yawan megafiksel ƙarin tsawon gilashi ne da bai biya ba. Wannan ne ya sa nake ganin Z8 da R5 Mark II sun fi dacewa da yawancin mutane fiye da manyan yayyensu. Z8 musamman, sensa ɗaya da injin sarrafawa ɗaya take da Z9, a jiki mai giram 910 maimakon 1340. Abin da ka rasa shi ne babban batir, mariƙin tsaye, da ramin wayar intanet da 'yan jarida ke tura hoto da shi daga bakin fili.

Batun riƙo ba na wasa ba ne. Jikin Sony ƙarami ne, a9 III kusan giram 700, abin so a tafiya, amma da babban gilashi a gaba yawanci sai an ƙara mata mariƙi. R1 da R3 da Z9 da nasu aka gina su. Katin ajiya ma ya bambanta: Canon da Nikon suna amfani da CFexpress nau'in B, Sony nau'in A, wanda ya fi ƙanƙanta, ya kuma gaza B sauri, sai dai ramin Sony na karɓar SD ma.

Idan kuɗin bai kai can ba

Yawancin masu tambayar nan ba Olamfik za su ba. Wasan makaranta ne, ko ƙaramin kulob, ko tseren keke na ƙarshen mako. A nan bambancin kamfanoni ya fi fitowa fili.

Canon R6 Mark II na yin 40 a sakan da shotar lantarki, 12 da ta inji, da fokas da ya gaji abubuwa da yawa daga R3. Sensarta ba mai hawa-hawa ba ce, don haka a bugu mai ƙarfi za ka iya ganin ƙwallo ta ɗan baje. Idan haka ta faru ka koma kan 12 ɗin. R7 kuwa, mai sensar APS-C da megafiksel 32.5, tana mayar da 70-200mm kamar 112-320mm, amma karatun sensarta na da nawa sosai. Ka ɗauke ta a matsayin mai 15 a sakan da shotar inji, ka manta da 30 ɗin da aka rubuta. Nikon Z6 III ta 2024 ta zo da sensar da aka yi wa rabin wannan gini, karatunta ya fi na sa'o'inta sauri, tana yin 20 a RAW, ga tagar leƙe mai haske ƙwarai da ke taimako a tsakar rana. Sony ya daɗe da rauni a wannan matakin, domin a7 IV 10 take yi a sakan, sai a ƙarshen 2025 a7 V ta zo da 30. Wanda ya riga ya mallaki gilasan Sony yana iya neman a9 ko a9 II ta hannu, ya samu cikakkiyar sensa mai hawa-hawa da kuɗin matsakaiciyar kyamara.

Kada kuma a raina DSLR ta hannu. Nikon D500 ta 2016 ta ɗauki tsarin fokas mai maki 153 na D5, tana yin 10 a sakan. Canon 7D Mark II ta 2014 ita ma 10 ce, kuma ita ta shigo da dabarar jiran kololuwar hasken fitila kafin ta ɗauka, saboda fitilun fili na ƙiftawa sau 100 ko 120 a sakan gwargwadon wutar ƙasar. Ɗaya daga cikin waɗannan da 70-200mm f/2.8 za ta fi sabuwar kyamara mai gilashin f/6.3 kawo hoto mai kyau a wasan dare. Illarsu ita ce ba sa bin ido da fuska kamar na yanzu, kai ne za ka riƙe maki a kan mutum, kuma kamfanonin sun mayar da hankalinsu kan marasa madubi.

OM System da Fujifilm suna da gurbinsu. OM-1 ta 2022 na da sensa mai hawa-hawa, tana yin 50 a sakan da fokas mai bi idan gilashin na daga cikin waɗanda suka dace, kuma kariyarta daga ruwa da ƙura an auna ta a ma'aunin IP53. Da yake sensarta kusan rubu'in cikakkiya ce, 300mm f/4 na ba ka hangen 600mm. Ga mai hawa dutse da kaya a baya don ɗaukar tseren keke ko zamiyar ƙanƙara, wannan babbar riba ce. A filin dare kuwa ƙanƙantar sensar na nufin yashi-yashi kamar na mai ISO ninki huɗu, kuma 'yan kallo a baya ba sa narkewa yadda ɗan wasa zai fito shi kaɗai. Fujifilm X-H2S na yin 40, tana da 200mm f/2 mai kyau, amma fokas ɗinta a cunkoso bai kai na manyan ukun ba.

Da ni zan sayi kaya daga tushe don wasannin waje da rana, Z8 zan ɗauka da 180-600mm, ko 400mm f/4.5 idan wasan yamma ya yi yawa. Don ƙwallon ƙafa ko ta kwando a ƙarƙashin fitila da kuɗi taƙaitattu, R6 Mark II ko R5 Mark II da adafta da gilashin EF f/2.8 na hannu. Don tenis da golf da ɗakunan da LED ya cika, a9 III, da sharaɗin gilasan Sony ne za su hau kanta. Wanda kuma ya riga ya tara gilasan wani kamfani, ya sayar don ya bi wata sabuwar kyamara, tsugune ba ta ƙare ba. Waɗannan ukun tsere suke wa juna, wanda ke gaba bana ba lalle ne shi ne baɗi ba.

Kafin ka biya, ka yi hayar kayan ko ka ara, ka kai su irin filin da za ka yi aiki, a irin lokacin da za ka yi shi. Ka sa shota a 1/1000, ka buɗe gilashin iyakarsa, ka duba ISO nawa kyamarar ta nema. Ka bi ɗan wasa ɗaya ta cikin cunkoso sau da yawa, sannan a kwamfuta, ba a bayan kyamara ba, ka ƙirga hotunan da idonsa ya fito tar. Ka kuma ɗauki allon talla da shotar lantarki; idan ratsi ya bayyana, ka nemi inda kyamarar ke bari ka matsa gudun shota kaɗan-kaɗan har ya ɓace, ka tabbata wadda kake shirin saya tana da wannan saitin.